Yadda ƙ, ɗ, ɓ da ₦ za su fito daidai a PDF ɗin da manhajarka ke fitarwa

Manhajar rasit ta mai sayar da tumatir a Mile 12, da ta sakamakon jarrabawa ta makarantar Islamiyya a Agege, da ta takardar lodin tirela daga Apapa zuwa Kano, duk abu ɗaya suke fitarwa a ƙarshe: fayil ɗin PDF da za a tura ta WhatsApp ko a buga a takarda. A kan allo rubutun lafiya lau. Da an buɗe PDF ɗin sai a ga "Jimillar ku?i", ko "kuÉ—i", ko wani baƙin akwati zaune a gurbin alamar naira. Abin da yawancin masu rubuta manhaja ke yi shi ne su cire ƙugiyar haruffan, Ɗanladi ya koma Danladi, su sa N a gurbin ₦. Wannan ba gyara ba ne. Sunan yaro a takardar sakamakonsa ya cancanci a rubuta shi yadda iyayensa suka raɗa masa, kuma gyaran na gaskiya bai fi aikin yini guda ba. A Legas ma abin ya fi Hausa faɗi, domin jerin sunaye ɗaya zai ɗauko Bahaushe da Bayarabe da ɗan ƙabilar Ibo, wani lokaci har da layin Larabci a saman takardar.

Kafin ka taɓa kod, dubi irin ɓarnar

Yadda harafin ya lalace shi ke gaya maka inda ya lalace. Idan ka ga Æ™ a gurbin ƙ, ko É— a gurbin ɗ, ko É“ a gurbin ɓ, ko â‚¦ a gurbin ₦, to matsalar ba ta shafi PDF ba tukuna. A tsarin UTF-8, wanda kwamfuta ke ajiye haruffa da shi a matsayin ƙananan lambobi da ake kira bayit, harafin ƙ bayit biyu ne, C6 da 99, ɗ kuwa C9 da 97, ₦ kuma bayit uku ne, E2 82 A6. Wani wuri a hanya ya karanta kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa da tsohon tsarin Windows-1252, shi ya sa harafi ɗaya ya haifi biyu ko uku. Bayanan suna nan, karatun ne ya karkace, kuma ana iya dawo da su.

Alamar tambaya ta fi muni. Tana nufin an tilasta rubutun shiga tsarin da ba shi da gurbin harafin, aka jefar da shi aka sa ? a madadinsa. Idan a rumbun bayanai aka ajiye shi haka, ya tafi ke nan, sai dai a sake shigar da sunan da hannu. Akwati ko fili babu komai kuwa yana nufin rubutun ya iso lafiya, zubin haruffan da ka zaɓa ne, wato font a bakin masu sana'ar, ba shi da zanen wannan harafi. Sai iri na huɗu: haruffan duk sun fito, amma alamar karin sauti ta Yarbanci ta zame gefe, ko Larabci ya fito a wargaje daga hagu zuwa dama. Wannan matsalar jera haruffa ce, kuma maganinta daban ne. Wanda bai bambance waɗannan ba zai yi ta canza font alhali ɓarnar tana rumbun bayanai irin MySQL.

Tsaftace hanyar da rubutun ke bi

Fara da buga sunan a fayil ɗin rubutu zalla daf da inda ake miƙa shi ga laburaren PDF, wato shiryayyen kod ɗin da manhajarka ke kira ya fitar da fayil ɗin, ka buɗe ka gani. Idan a nan ma a lalace yake, koma baya. A MySQL, tebur da ginshiƙansa su zama utf8mb4, haɗin ma haka, wato `charset=utf8mb4` a layin haɗin PDO. Tebur mai kyau da haɗin latin1 shi ne ya fi haifar da Æ™. A Python a kan Windows, `open` ba ya ɗaukar UTF-8 da kansa, sai ka rubuta `encoding="utf-8"`. Jerin ɗalibai da sakataren makaranta ya ajiye daga Excel a matsayin CSV na yau da kullum zai iso da alamun tambaya. A ce masa ya zaɓi CSV UTF-8 wajen ajiyewa, kai kuma ka karanta shi da `utf-8-sig` don kada alamar farkon fayil ta manne wa sunan ginshiƙi na farko. Idan daga HTML kake gina PDF, `<meta charset="utf-8">` ya kasance a saman samfurin.

A tsohon kod na PHP ka nemo `utf8_decode` ka cire shi duk inda yake. Da shi ake lallaɓa FPDF ta karɓi é da ü, amma duk harafin da ba na Latin-1 ba alamar tambaya yake mayar da shi, kuma tun PHP 8.2 aka ayyana shi a cikin abubuwan da za a daina. Haka `substr` da `strtoupper` da `strlen`: bayit suke ƙirgawa, ba harafi ba. `substr` na iya yanke ɗ gida biyu a tsakiyar suna mai tsawo, `strtoupper` kuma zai ba ka ƙANƙARA a maimakon ƘANƘARA. Yi amfani da `mb_substr` da `mb_strtoupper` da `mb_strlen`.

Bayanan da suka riga suka zauna a rumbu da siffar Æ™ ana warware su da `s.encode("cp1252").decode("utf-8")` a Python, ko da laburaren ftfy. Ɗauki kwafin rumbun tukuna, kuma layukan da suka lalace kaɗai za ka taɓa, domin wannan dabara kuskure take jefowa ko ta ɓata rubutun da dama lafiyarsa ƙalau.

Dalilin da Helvetica ba za ta taɓa yi ba

Nan ne zuciyar maganar. Tsarin PDF ya zo da font 14 da aka ɗauka kowace manhajar karatu tana da su: Helvetica huɗu, Times huɗu, Courier huɗu, sai Symbol da ZapfDingbats. Kusan kowane laburare da ɗayansu yake farawa idan ba ka ce komai ba, kuma da tsarin WinAnsi yake rubuta su, mai bayit ɗaya ga kowane harafi, gurbi 256 iyaka. An cike guraben da haruffan Yammacin Turai. Babu ƙ, babu ɗ, babu ẹ, babu ₦, kuma babu wani saiti da zai ƙirƙiro su. Saƙon pdf-lib mai cewa WinAnsi ba zai iya rubuta harafin ba, da irinsa na PDFBox da fpdf2, duk wannan suke faɗa. Laburaren da ya tsaya ya yi ƙorafi ya fi wanda ya yi shiru ya buga akwati.

Mafita ita ce ka kawo fayil ɗin font na TrueType mai ɗauke da haruffan, ka sa laburaren ya dasa shi a cikin PDF ɗin. Dasawar wajibi ce. PDF da ya ambaci sunan font bai ɗauko shi ba zai yi kyau a kwamfutarka saboda kana da shi, ya lalace a wayar mai karɓa saboda ba ta da shi.

Waɗanda muke amincewa da su don Hausa da Yarbanci da Ibo a takarda ɗaya su ne Noto Sans da Noto Serif na Google, da DejaVu Sans, da Charis da Andika da Gentium na SIL. Duka kyauta ne, kuma lasisinsu ya yarda a dasa su. Kada ka kwafi font daga jakar Windows zuwa sabarka, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, lasisinsa bai ba da wannan dama ba.

Akwai tarko guda da ya keɓanta da Hausa. Haruffanmu ba a unguwa ɗaya suke zaune ba a Unicode, jerin da ya ba kowane harafi lambarsa. Ƙ da ƙ suna U+0198 da U+0199, Ƴ da ƴ suna U+01B3 da U+01B4, Ɓ tana U+0181, Ɗ tana U+018A, duka a rukunin Latin Extended-B. Amma ƙananan ɓ da ɗ suna can U+0253 da U+0257, a rukunin haruffan ilimin furuci. Saboda haka font zai iya cewa yana da faɗaɗɗen Latin, ya ba ka ƙ da Ɗ, ya rasa ɗ, wadda ita ce a cikin kuɗi da ɗaya da ɗalibi. Haka wanda ya rage nauyin font ya tsaya a U+024F ya yanke ɓ da ɗ da hannunsa. Alamar naira kuma tana U+20A6, wani rukunin daban. Don haka kada ka yarda da abin da aka rubuta a shafin font, tambayi fayil ɗin da kansa:

```
from fontTools.ttLib import TTFont
cmap = TTFont("fonts/NotoSans-Regular.ttf").getBestCmap()
for h in "ƁɓƊɗƘƙƳƴʼ₦ẸẹỌọṢṣỊịỤụṄṅ\u0300\u0301\u0323":
    if ord(h) not in cmap:
        print("babu", hex(ord(h)))
```

Idan bai buga komai ba, font ɗin ya cika. Maimaita wa fayil ɗin mai kauri da na mai karkata, domin kowanne fayil ne mai zaman kansa. Kada ka bar Ƴ da ƴ a baya don a Najeriya 'y muke rubutawa. 'Yan Nijar da ke kasuwanci a Legas da ƴ takardunsu suke zuwa. Ita ma alamar 'y iri uku ce a kwamfuta, U+0027 da U+2019 da U+02BC. Zaɓi ɗaya ka mayar da sauran gare ta tun wajen shigar da bayanai, in ba haka ba bincike ba zai haɗa 'yar da ʼyar ba.

Dasa font ɗin

Ajiye fayilolin a jaka cikin aikin kanta, su bi kod ɗin duk inda ya je. Idan daga Google Fonts ka sauko da su, ɗauki na cikin jakar static, domin laburarori da yawa nauyi ɗaya kawai suke iya cirowa daga font mai sauya kauri. ReportLab kuma ba ya karɓar fayil ɗin .otf mai zanen PostScript, sai .ttf. Ga misali da fpdf2:

```
from fpdf import FPDF
pdf = FPDF()
pdf.add_font("Noto", "", "fonts/NotoSans-Regular.ttf")
pdf.add_font("Noto", "B", "fonts/NotoSans-Bold.ttf")
pdf.set_text_shaping(True)
pdf.add_page()
pdf.set_font("Noto", size=11)
pdf.cell(text="Jimillar kuɗi: ₦25,000")
pdf.output("rasit.pdf")
```

Layin `set_text_shaping` yana buƙatar a girka uharfbuzz. Ka kuma tabbatar tsohon kunshin fpdf ba ya zaune tare da fpdf2, domin suna ɗaya suke amsawa kuma suna taka juna.

A sauran wurare manufar ɗaya ce, sunaye ne suka bambanta. ReportLab: `registerFont` da `TTFont`, sannan `registerFontFamily` don `<b>` ya san fayil ɗin da zai ɗauko, kuma ka sa sunan font ɗin a kowane salon sakin layi da na tebur. PDFBox: `PDType0Font.load`. iText: ka ba shi `IDENTITY_H`. pdf-lib: `registerFontkit` kafin `embedFont`. jsPDF: `addFileToVFS`, `addFont`, `setFont`, kuma idan kana zana tebur da autoTable sai ka sake faɗa masa font ɗin a salonsa. Masu Laravel da Dompdf sun fi kowa sauƙi, domin DejaVu Sans na cikin kunshin. `Font-family: "DejaVu Sans"` a CSS ya wadatar ga Hausa da naira. Idan wani font kake so ta `@font-face`, jakar `storage/fonts` ta kasance akwai kuma saba na da izinin rubutu a cikinta, in ba haka ba zai koma font ɗinsa na asali ba tare da ya ce uffan ba. FPDF ta asali ba ta san UTF-8 ba sam, a bar ta a koma tFPDF ko mPDF.

Kuskuren da ya fi yawa bayan an yi duk wannan shi ne mantawa da mai kauri. Jikin rasit ya fito daidai, amma layin jimilla, wanda shi ne mai kauri kuma shi ne mai ₦, ya fito da akwati. Sai kan shafi da ƙasansa, da lambar shafi, da rubutun cikin jadawali, waɗanda sau da yawa wani sashen kod ne ke zana su da Helvetica. Idan kuma fom ɗin PDF da aka riga aka tsara kake cikewa, gurabensa na da nasu font ɗin. A pdf-lib sai ka kira `updateFieldAppearances` da naka.

Yarbanci: harafi ɗaya, alama biyu

Haruffan ẹ da ọ da ṣ kowanne na da lambarsa guda, haka ị da ụ da ṅ na Ibo. Amma ẹ́ ko ọ̀, mai ɗigo a ƙasa da karin sauti a sama, ba shi da lamba guda a Unicode. Dole a rubuta ẹ sannan a bi ta da U+0301 ko U+0300, alamar da ba ta da faɗi, wadda ake ɗorawa a kan harafin da ya gabace ta. Inda za ta zauna daidai yana rubuce a wani tebur cikin font ɗin mai suna GPOS, kuma sai laburaren da ke da injin jera haruffa irin HarfBuzz ne ke karanta shi. Wanda ba shi da shi zai ajiye alamar a tsayin da aka yi wa ƙananan haruffa. A kan ẹ ba laifi, a kan Ẹ ko Ọ sai ta nutse cikin harafin, kuma sunayen takardar shaida da manyan haruffa aka fi rubuta su.

Abu biyu za ka yi. Na farko, daidaita duk rubutu zuwa siffar NFC kafin ajiyewa: `unicodedata.normalize` a Python, `Normalizer::normalize` a PHP, `normalize` a JavaScript. Wannan zai haɗe e da ɗigonta su zama ẹ guda, ya rage alamun da ke yawo, ya kuma sa suna ɗaya da aka buga daga waya biyu ya zama iri ɗaya. Haruffan Hausa masu ƙugiya ba ya taɓa su. Na biyu, idan takardunka na ɗauke da sunayen Yarbawa da cikakkun alamunsu, zaɓi abin da ke jera haruffa: fpdf2 da layin da ke sama, ko WeasyPrint, ko PDFKit, ko Chromium ta hanyar Puppeteer. Dompdf da jsPDF ba sa wannan aiki.

Larabci da Ajami

Makarantun allo da na Islamiyya na son Bismillah da sunan makaranta da Larabci a saman takarda, wasu har sunan ɗalibi. Harafin Larabci na sauya siffa gwargwadon inda ya faɗo a kalma, layin kuma daga dama yake tafiya, don haka font kaɗai bai isa ba. Dabarar da ta yaɗu a Python ita ce a bi da rubutun ta arabic-reshaper da python-bidi kafin a zana. Tana aiki ga gajeren layin Larabci zalla. Ga sakin layi mai tsawo sai layukan su juye, na ƙarshe ya hau sama, sai ka karya layukan da kanka kafin juyawa.

Ga Ajami kuwa ba ma ba da shawararta ko kaɗan. Tana musanya kowane harafi ne da wata tsohuwar lamba ta siffarsa, kuma haruffan da rubutunmu ke buƙata ba su da irin waɗannan lambobi. Fa da ƙaf da nun na salon Afirka, U+08BB zuwa U+08BD, sai a 2016 suka shiga Unicode 9.0. Za su fito a tsaye su kaɗai, kalmar ta tsinke a kansu. Hanyar da ke aiki ita ce HTML da `dir="rtl"`, a ba Chromium, da font da aka yi don mu: Alkalami na SIL, wanda aka zana bisa salon rubutun Kano, ko Harmattan da aka yi don harsunan Afirka ta Yamma. Ga Larabci na yau da kullum, Amiri ko Noto Naskh Arabic. Sunan Larabci da ya faɗo tsakiyar layin boko ka sa shi cikin `<bdi>` don kada ya ja lambobin da ke kusa da shi su juye, ka kuma ƙara tazarar layi domin wasulan sama da ƙasa na cin wuri. A mPDF sai an kunna `useOTL` ga font ɗin. A iText aikin na wani ƙari ne na kuɗi mai suna pdfCalligraph, ka san da haka kafin ka yi wa mai aiki farashi.

Ya yi a kwamfutata, ya ƙi a saba

Wannan ya fi samun masu Puppeteer da WeasyPrint. Su font ɗin na'urar da suke kai suke ɗauka. Kwamfutarka cike take da su, ƙaramin hoton Docker kuwa, wato kunshin da ake gudanar da manhajar a cikinsa a saba, kusan babu ko ɗaya. Ko ka girka `fonts-noto-core` a hoton, ko, abin da ya fi, ka nuna fayilolin aikinka ta `@font-face`. Kada ka dogara da jawo font daga intanet lokacin buga kowane rasit. Ranar da layi ya yi nauyi takardar za ta fita da wani font ɗin. A Puppeteer ka jira `document.fonts.ready` kafin ka kira `page.pdf`. Burawuza kuma na da wata ɗabi'a mai ɓoye matsala: idan font ɗinka ba shi da ɗ, sai ta aro daga wani. Ba za ka ga akwati ba, amma ɗ ɗin za ta fi 'yan'uwanta tsawo ko siranta. Ƙara girman shafin zuwa kashi 400 ka dubi kalmar kuɗi da kyau. Wanda har yanzu ke kan wkhtmltopdf ya fara shirin ƙaura, an rufe ci gabansa tun 2023.

Gwaji kafin a miƙa aiki

Ajiye layin gwaji guda ka sa shi a kowane gurbi na samfurin, da babba da ƙarami da mai kauri: Ƙanƙara ɗari Ɓaure ɓawo Ƴaƴa 'ya'ya ẹ̀kọ́ Ọ̀RẸ́ iṣẹ́ ụlọ ọṅụ ₦1,250,000. Fitar da PDF ɗin daga sabar gaske, sannan ka gudanar da `pdffonts rasit.pdf` daga kunshin poppler-utils. Ginshiƙi uku za ka duba. Na `emb` ya ce yes, wato an dasa font ɗin. Na `sub` ya ce yes, wato haruffan da aka yi amfani da su kaɗai aka ɗauka, za ka ga haruffa shida da alamar + a gaban sunan. Wannan ne ke hana rasit mai shafi ɗaya yin nauyin da zai ci wa mai karɓa data. Na `uni` ya ce yes, wato akwai taswirar da ke mayar da zane zuwa harafi. ReportLab da jsPDF kan lissafa Helvetica ko ba a rubuta komai da ita ba, wannan ba abin damuwa ba ne muddin idonka bai ga rubutu da ita ba.

Ginshiƙin `uni` shi ake yawan rainawa. In babu shi takarda za ta yi kyau a ido, amma wanda ya nemi Ɗanladi a cikin fayil mai shafi 300 ba zai same shi ba, wanda ya kwafi sunan zai manna shara, manhajar da ke karanta wa makafi rubutu ma ba za ta iya furta shi ba. Gudanar da `pdftotext rasit.pdf -` ka kwatanta abin da ya fito da layin gwajinka bayan ka mayar da duka biyun NFC. Mayar da wannan kwatancen gwaji mai gudana da kansa duk lokacin da aka taɓa kod, domin sabunta laburare ko sauya samfuri na iya dawo da Helvetica ba wanda ya lura. Daga nan tura fayil ɗin ta WhatsApp zuwa ƙaramar wayar Android, ka buɗe shi a can, ka kuma kai shi shagon buga takardu a fitar da shi a kan injinsu. A girman 8 ko ƙasa da haka ƙugiyar ƙ da ɗigon ẹ kan ɓace idan tawada ta yi ƙasa, don haka sunaye da adadin kuɗi kada su gaza girman 10.